Yadda ake mayar da siginar analog zuwa milimita a kwantirolar motsi

Sensar da ke jikin silindar haidirolik, irin wadda ake gani a injin buga roba ko injin matse ƙarfe, ba milimita take aika wa kwantirola ba. Volt take aikawa, ko miliam. Katin shigarwa ne zai karɓa ya mayar da shi lamba, wadda za mu riƙa kira ɗanyen ƙirge, sannan a koya wa kwantirola cewa ƙirge kaza shi ne milimita kaza. Lissafin bai wuce ninkawa ɗaya da tarawa ɗaya ba:

matsayi = (sikel × ƙirge) + ofset

Wahalar tana wajen samo lambobin nan biyu, sikel, wato milimitar da ƙirge ɗaya ke wakilta, da ofset, wato abin da ake tarawa don sifiri ya faɗa daidai. Da yawa daga takardar sensa suke kwafo su, alhali a jikin injin ya kamata a auno su. Takarda ba ta san inda makaniki ya ɗaure sensar ba, ba ta san tsawon wayarka ba, ba ta kuma san 'yar karkatar da katinka yake da ita ba.

Misalin da za mu bi shi ne silinda mai tafiyar kusan milimita 500, da sensa mai maganaɗisu irin ta Temposonics ko Balluff, wadda ke fitar da miliam 4 zuwa 20.

Nawa ƙirge ɗaya yake a milimita?

Wannan ake fara lissafawa, tun kafin a sayi kati. Mai juya sigina zuwa lamba, wato ADC, idan na bit 12 ne matakai 4,096 yake da su, na bit 16 kuwa 65,536. Sai dai matakan an shimfiɗa su ne a kan dukan zangon katin, ba a kan abin da sensarka ke fitarwa kaɗai ba. Kati mai karɓar volt 10 ƙasa da sifiri zuwa volt 10 sama da sifiri, faɗinsa volt 20 ke nan, don haka a bit 12 kowane mataki milivolt 4.88 ne. Ka haɗa masa sensa mai volt 0 zuwa 10, rabin matakan ya tafi a banza, saura 2,048, kowane ɗaya milimita 0.244 a silindarmu.

Abin ya fi muni idan sensar ta miliam ce, katin kuma volt kaɗai yake karɓa. Dabarar da aka saba ita ce a sa rizista a bakin katin. Mai om 250 yana mayar da miliam 4 zuwa 20 ya koma volt 1 zuwa 5, wato volt 4 kacal cikin 20. Matakai 819 ke nan, kowane ɗaya milimita 0.61. Mai om 500 yana ba da volt 2 zuwa 10, matakai 1,638, milimita 0.305. In za a bi wannan hanya, a duba takardar sensar a ga ko tana iya ɗaukar om 500, a kuma sayi rizista mai ingancin kashi 0.1 cikin ɗari, don na gama-gari yana sauyawa idan ya ɗumama.

Kada girman lambar da kake gani a allo ya ruɗe ka. Katunan Siemens na S7 suna nuna cikakken zango da 0 zuwa 27,648, ko ADC ɗin ciki mai kaifi ne ko dakusasshe. Mashigan analog biyun da ke jikin S7-1200 kanta bit 10 ne, matakai 1,024, kusan rabin milimita kowane ɗaya. Lambar za ta kai 27,648, amma tsalle take yi, ba ta hawa ɗaiɗai. Idan aikinka na buƙatar tsayawa cikin milimita 0.1, nemi katin da matakinsa ya gaza haka sau biyar zuwa goma, domin ko a waya mai tsabta ƙirgen yakan yi rawar mataki ɗaya ko biyu. Ba wani lissafi da zai ƙirƙiro kaifin da katin ba shi da shi.

Auna wurare biyu

Kunna fanel ka bar shi kamar minti ashirin zuwa talatin, kati da sensa su ɗumama. Rage matsin mai, ka riƙa motsa silinda da hannu ta bawul, a hankali, ba tare da kwantirola na bin matsayi ba. Duk lokacin da hannu zai shiga tsakanin ƙarafa don sa ma'auni, a kashe famfo, a sauke matsi, a kulle makunnin. Wannan ba abin sassauci ba ne, ko da aikin na daƙiƙa biyar ne.

Zaɓi inda sifirin injin yake, ka tsaya a kansa. A injin matsa yawanci fuskar tebur ce, ko inda sandar silinda ta gama komawa ciki. Daga nan sai wurare biyu masu nisa da juna, ɗaya wajen kashi 5 cikin ɗari na tafiyar, ɗaya wajen kashi 95. Kada ka ɗauki can ƙarshen ƙarshe. Sensar maganaɗisu tana da matattun wurare a bakinta da gindinta inda ba ta karatu, fotenshomita kuma, wato sensar matsayi mai rizista da ake zamewa a kansa, tafiyarsa ta ƙarfe ta ɗan fi tafiyarsa ta lantarki tsawo, saboda haka a ƙarshe ƙirge yakan tsaya cak alhali sanda na ci gaba da tafiya. Kada kuma ka ɗauki wurare biyu na kusa da juna. Kuskuren milimita 0.2 a tazarar milimita 50 zai koma milimita 2 idan aka miƙa shi zuwa 500.

Abin awo mafi aminci shi ne guntun ƙarfe da aka riga aka san tsawonsa, a jingina sanda da shi da ɗan matsi kaɗan. Tef ɗin magini ba zai yi ba. A kowane wuri, kalli ɗanyen ƙirge na 'yan daƙiƙu, ka rubuta tsakiyar inda yake kai-kawo. In manhajar na iya ɗaukar karatu ɗari ta fitar da matsakaici, ya fi.

A ce a kati mai 0 zuwa 27,648 an samu haka: a milimita 20.0 ƙirge 1,410, a milimita 470.0 ƙirge 26,190.

sikel = (470 − 20) ÷ (26,190 − 1,410) = 450 ÷ 24,780 = 0.0181598

ofset = 20 − (0.0181598 × 1,410) = −5.605

Gwada da wuri na biyu: 26,190 sau 0.0181598 ya ba da 475.605, a cire 5.605, saura 470.0. Ya fita.

Yanzu dubi abin da takarda za ta bayar. 500 a raba da 27,648 ya ba da 0.0180845, ofset sifiri. Da wannan, a wuri na farko allo zai nuna 25.5 maimakon 20, a na biyu 473.6 maimakon 470. Ka lura kuskuren ba ɗaya ba ne a wuraren biyu, 5.5 a nan, 3.6 a can. Shi ya sa mai gyara ofset kaɗai yake ta fama: ya daidaita baya, gaba ya goce, ya daidaita gaba, baya ya goce. Gani ya kori ji, a auna kawai.

Shigar da shi cikin firogiram

Kada ka datse wutsiyar sikel. Wanda ya rubuta 0.018 don sauƙi, a ƙirge 26,190 zai samu 465.8, ya yi asarar fiye da milimita 4 ba tare da wata waya ta motsa ba. Riƙe lambobi shida masu ma'ana aƙalla. Mafi kyau ma, ajiye lambobin awon guda huɗu a firogiram, ka bar kwantirola ta fitar da sikel da ofset da kanta.

Nau'in lamba ma yana kayar da mutane. INT, wato lamba marar ɗigo ta bit 16, ba ta wuce 32,767. Ka ninka 26,190 da 450 a cikinta, ta cika ta tumbatsa, ta dawo maka da wata lamba da ba ta da kai, wani lokaci ma ƙasa da sifiri. Mayar da ɗanyen ƙirge REAL, wato lamba mai ɗigo, tun a layin farko. Idan kwantirolar ba ta da lamba mai ɗigo, yi amfani da DINT, wato lamba marar ɗigo ta bit 32, ka yi aiki da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita maimakon milimita, ka kuma fara ninkawa kafin rabawa. In ka fara rabawa a milimita, 450 a raba da 24,780 sifiri zai ba ka, komai ya mutu a nan.

Kowane kamfani da sunan da ya ba abin. A TIA Portal ta Siemens akwai NORM_X da SCALE_X, a tsohuwar STEP 7 kuma FC105. A RSLogix 500 ta Allen-Bradley akwai SCP, mai neman ƙaramin shiga da babban shiga, ƙaramin fita da babban fita. A duk waɗannan gurabun, lambobin da ka auno za ka zuba, 1,410 da 26,190, 20 da 470. A kula, FC105 ta kafe a kan 27,648, kuma tana datse duk abin da ya haura iyaka, don haka a can gara a rubuta lissafin da hannu. A kwantirolar Galil, @AN[1] yana karanto mashiga ta ɗaya a volt kai tsaye, umarnin AF kuma shi ke sa aksis, wato layin motsin da ake sarrafawa, ya ɗauki analog a matsayin abin da yake bi maimakon enkoda, na'urar da ke ƙirga juyin moto.

Wuri na uku shi ne alƙali

Duk wurare biyu layi ɗaya zai ratsa su, ko sensar lafiyarta ƙalau ko ta lalace. Sai wuri na uku ne zai faɗi gaskiya. Kai sanda tsakiya, milimita 245.0. A misalinmu ƙirge 13,800 ya kamata a gani. Je wurin sau biyu, sau ɗaya daga baya, sau ɗaya daga gaba.

Idan karatun zuwa ya bambanta da na dawowa, matsalar ta ƙarfe ce: noti ya kwance, mahaɗin sanda da sensa yana wasa, ko zoben maganaɗisun yana lilo. Ɗaure shi, ka sake awo daga farko.

Idan kuwa ƙarshe da ƙarshe daidai suke amma tsakiya ya lotsa, kuma fotenshomita ne, to katin ne yake janye masa karant. Wannan kuskure yana da siffa sananniya: ya fi tsanani wajen kashi biyu cikin uku na tafiya, girmansa kuma kusan 0.15 ne sau juriyar fotenshomita a raba da juriyar mashigar kati. Fotenshomita mai kilo-om 5 a kan kati mai kilo-om 100 zai lotsa da kashi 0.73 cikin ɗari, wato milimita 3.7 a tafiyar 500. Ba a gyara wannan da sikel. Ana sa amfilifaya mai babbar juriya tsakaninsu, irin wadda masu ƙera sensar ke sayarwa, ko a sauya kati. In babu hali, sai a auna wurare takwas ko goma a yi tebur, kwantirola ta riƙa ja layi tsakanin kowane biyu. Fotenshomita kuma abin da aka ba shi yake rabawa, saboda haka idan volt 10 ɗin da ke ciyar da shi ya sauka zuwa 9.9, matsayi ya sauka da kashi 1 cikin ɗari. Ciyar da shi daga tsayayyen volt na katin, kada a ɗebo daga layin da rile da bawul ke sha.

Akwai wani ɓarawon da ke damun sensar volt mai waya uku, inda wayar sifiri ɗaya ce ke dawo da karant ɗin ciyarwa kuma ita ce ma'aunin sigina. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 0.25, tsawon mita 20, juriyarta om 1.4 ce. Sensa mai shan miliam 100 za ta zubar da volt 0.14 a kanta, wanda kati zai ƙirga a matsayin milimita 7. Awo zai haɗiye wannan cikin ofset, amma shan sensar na canzawa da zafi, sai ofset ya riƙa yawo. Ja wa sigina wayar sifirinta daban har bakin kati. A doguwar waya dai miliam 4 zuwa 20 ya fi kwanciyar hankali, don karant ɗin da ya fita shi ne yake isa.

Alƙibla, kafin a rufe zagaye a bar wa kwantirola ragama

Ba da ɗan umarni mai alamar ƙari ga bawul, kamar kashi 5 cikin ɗari, ka kalli allo. Dole matsayi ya ƙaru. In raguwa yake yi ka kuma bar kwantirola ta kama ragama, za ta ga tazara, ta tura don ta rage, tazarar ta ƙaru, ta ƙara turawa, cikin ƙiftawar ido sanda ta daki ƙarshe da dukan ƙarfinta. Sensar da ke ba da miliam 20 a ciki, 4 a waje, ba laifi ba ce, lissafin wurare biyu zai fitar da sikel mai alamar ragi da kansa. Abin da za a juya shi ne alamar umarnin bawul, a wuri ɗaya tak. Kafin gwajin farko a sa iyakar tazarar bi, wato bambancin inda aka ce sanda ta kasance da inda take, kamar milimita 5 zuwa 10, ta yadda kwantirola za ta yanke in an haura. A sa iyakokin tafiya na manhaja 'yan milimita kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, hannu kuma yana kan maɓallin tsayawar gaggawa.

Rawar ƙirge da tarkon filta

Kwantirola daga matsayi take fitar da gudu, ta hanyar duba bambancin karatu biyu a jere. A zagayen karanta matsayi da gyara bawul da ke juyawa kowace milisakan 1, rawar mataki ɗaya mai milimita 0.244 tana bayyana kamar gudun milimita 244 a daƙiƙa, alhali sanda na tsaye. Ɓangaren D na PID, wato sashen lissafin kwantirola da ke duba saurin canji, ya ɗauki wannan ya watsa wa bawul, sai ka ji yana ƙara kamar ƙudan zuma, mai yana zafi ba gaira ba dalili.

Hannu yakan yi saurin zuwa kan filta, wato abin da ke lafar da rawar ƙirge, amma filta jinkiri ce. Abin da take nunawa yana bayan gaskiya da gudu sau lokacinta: filtar milisakan 20 a gudun milimita 200 cikin daƙiƙa tana nuna wurin da sanda ta baro da milimita 4. A zagayen da ke bin matsayi, wannan jinkirin ne ke haifar da wuce wuri da lilo. Haka ma saitin kawar da hayaniyar layin wuta a katunan PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa inji: na has (Hz) 50, wanda shi ne na Najeriya da Nijar, yana tara karatu na milisakan 20, na has 60 irin na Amurka kuma 16.7. Ya dace da awon zafi ko na ruwa a tanki, amma ya yi wa aksis mai sauri nauyi. In an zaɓe shi a aksis mai tafiyar hawainiya, a tabbata 50 aka sa, a kuma san cewa janaretan da ba ya riƙe has 50 sosai yana rage amfaninsa.

Fara da waya tukuna. A yi amfani da murɗaɗɗiyar tagwayen waya mai raga, a kama ragar da maƙalli a jikin farantin ƙasa na fanel, kada a murɗe ta a yi mata dogon jela. A raba hanyarta da wayoyin inbata da na moto, in dole su haɗu su gitta juna a gicciye. Gwaji mai sauƙi: kalli ɗanyen ƙirge famfo na kashe, sannan kunna shi ba tare da an motsa sanda ba. In rawar ta tashi daga mataki 2 zuwa 30, ka san daga inda take shigowa. Bayan an gyara wannan, sai a sa 'yar filta, mai ƙarfi a kan gudu, mai sauƙi a kan matsayi.

Idan waya ta tsinke

A sensar volt 0 zuwa 10, tsinkakkiyar waya da sanda a gida kamanninsu ɗaya: sifiri. Kwantirola za ta ɗauka sanda ta koma baya, ta tura ta gaba iya ƙarfinta. Babban dalilin fifita miliam 4 zuwa 20 ke nan, tunda lafiyayyen layi ba ya sauka ƙasa da 4 sosai. Ƙa'idar NAMUR NE 43 ta ɗauki miliam 3.8 zuwa 20.5 a matsayin karatu, 3.6 zuwa ƙasa ko 21 zuwa sama kuma alamar matsala. A zangon 27,648, miliam 3.6 shi ne −691, miliam 21 kuma 29,376. Wasu katunan Siemens 32,767 suke bayarwa idan an kunna musu gano tsinkewar waya, don haka a tsare ɓangarorin biyu. Duba kuma takardar sensarka ka ga abin da take fitarwa in maganaɗisu ya fita daga zango.

Tsarin layukan yana da muhimmanci: a fara duba lafiyar ɗanyen ƙirge, sannan a yi lissafi, sannan a datse. Wanda ya fara datsewa zuwa 0 da 500 ya share shaidar da hannunsa. Gwada shi da gaske, a ƙaramin matsi, ka zare waya ɗaya ka ga bawul ya koma tsakiya.

Idan analog ɗin umarni ne

Wani lokaci siginar ba daga sensa take ba, daga maɓallin murɗawa ne ko wata PLC, tana faɗa wa moton servo, mai bin umarnin matsayi, inda zai je. A nan akwai mataki na biyu, daga milimita zuwa ƙirgen enkoda. Sukurun da ke tafiyar milimita 5 a juyi ɗaya, da enkoda mai layi 2,500 da ake ƙirgawa sau huɗu, 10,000 ke nan a juyi, 2,000 a milimita. In volt 0 zuwa 10 zai zama milimita 0 zuwa 300, kowane volt ƙirge 60,000 ne. Mataki ɗaya na milivolt 4.88 ya zama ƙirge 293, kuma moto zai bi kowace rawa da gaskiyarsa, yana karkarwa a tsaye. Sa masa tazarar kau-da-kai: kada a sauya wurin zuwa sai sabon ya bambanta da tsohon da kamar ƙirge 900. Kada a jefa lambar kai tsaye cikin zagayen, a bi da ita ta mai tsara tafiya, mai iyakar gudu da iyakar tashi. Lokacin kunnawa kuma, idan maɓallin na nuna 250 aksis yana 10, kada ya zabura. Ko dai ya jira mai aiki ya murɗo maɓallin ya iske shi, ko ya taka a hankali bayan an danna izini.

Lambobin awon nan huɗu, da tsawon guntayen ƙarfen da aka yi amfani da su, da ranar awo, a rubuta su a manna a bayan ƙofar fanel, a kuma tabbata suna cikin ma'ajiyar da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke. Ranar da aka kwance sensar aka mayar da ita ba tare da an sauya ta ba, ofset ne kaɗai ya motsa, awon wuri ɗaya ya isa. Ranar da aka sauya sensar, ko katin, ko rizistan, ko da lambar samfurinsu ɗaya da na da, a sake wurare biyun, a tabbatar da na uku kafin a mayar da matsin mai yadda yake.